Ayabar da Na Ajiye a Gidan Sa'adiyya

Zafin bana ya shigo Jidda da wuri. Tun kafin hantsi iskar teku take tasowa da danshi, ta manne wa mutum a fata kamar an shafa masa ruwan koko, kayan marmari kuwa ba sa kwana biyu a kan tebur. Shekaranjiya na tarar da jikata Nuha a kicin, ta ɗauko ayaba shida da bawonsu ya yi baƙi ƙirin, tana riƙe da su da yatsa biyu za ta jefa a shara.

"Ke, kawo nan," na ce mata.

"Sitti, ta lalace fa. Halas, ba mai cin ta."

Nuha tana jin Hausa sarai, mayarwa ce take yi mata nauyi. Ko kaka ba ta ce mini, sai Sitti, da Larabci. Na karɓa, na zauna na ɓare su ɗaya bayan ɗaya, na yanke inda ya ruɓe, na matsa musu lemon tsami, na jera a leda na sa a firiza. Ta tsaya tana kallona kamar wadda ta ga sabon abu. Ni kuwa ƙamshin nan mai zaƙi da ɗan tsami-tsami, na ayabar da ta wuce lokacinta, yana hawa hancina sai na ji ni a tsohuwar unguwarmu Sa'alaba, ina da shekara ashirin da takwas, a shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar zafi.

A Jidda aka haife ni. Kakannina da ƙafa suka zo aikin Hajji, ba su koma ba. Maigidana kuwa daga Haɗejiya ya zo yana saurayi, ana ce masa Abu Zainab da sunan babbar 'yarmu. Dako yake yi a mina, wato tashar jirgin ruwa. A farkon shekarar nan buhun siminti ya zame masa daga kafaɗa ya taɓa masa baya, ya kwanta wata biyu. Kafin ya miƙe kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa yake aiki a ƙarƙashinsa, ya sallame shi, iƙamarsa kuma, takardar izinin zama, saura 'yan watanni ta ƙare. Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai gane abin da wannan yake nufi ba. Namijin da ba shi da kafili, ko zuwa masallaci zai yi sai ya leƙa lungu hagu da dama.

Ɗakinmu na katako ne da langa-langa, babu wuta, babu famfo. Ruwa sai mai ruwa ya ratso da garwa biyu a sanda. Da rana ta take, rufin yakan yi ta ƙara yana ɗas-ɗas don zafi, 'ya'yana biyu, Zainab da Hafsa, su kwanta a ƙasa kusa da randa, ƙuraje sun feso musu a wuya.

Ni ina wanki da guga kwana uku a mako a gidan wani likita a unguwar Sharafiyya. A wurin matarsa na fara ganin ana daskarar da ayaba. In ta yi baƙi ba ta zubarwa, sai ta ɓare ta jefa a firiza, bayan wata guda ta fito da ita ta kwaɓa kek da ita, gidan ya ɗauki ƙamshi har bakin titi. Na yi ta kallon hannunta har na iya. Daga baya na ƙara nawa, ɗan hel, ƙwayar ƙamshin nan da ake sa wa gahawa, da kanumfari, har ita kanta ta ce nawa ya fi nata.

Shekarar kuwa ita ce wadda jirage suka yi cincirindo a bakin teku. In ka hau tudu za ka gan su jere har inda ido ya ƙare, kowanne yana jiran layin sauke kaya, wani ya yi wata a kan ruwa. Wannan ya hargitsa kasuwar ayaba. Sai a yi mako uku babu ko ƙwaya a gari. Ran da aka sauke jirgi guda kuma sai ta cika Halaƙa, babbar kasuwar kayan marmari, amma duk ta nuna a hanya, ta yi laushi, ƙudaje suna bi. 'Yan kasuwa su tsinci mai ɗan ƙarfi, sauran su tula a bayan rumfa.

Akwai wani dattijo mutumin Yaman, Ammi Salih, mai gidan burodi a hanyar Balad, tsohon cikin gari. Sana'arsa tamis, wani faffaɗan burodi na tanda, da ma'asub, wanda ake dagargaza burodi da ayaba da man shanu da zuma. Da azumi mutanen Jidda ba sa wasa da ma'asub. Wata rana a cikin Rajab na kai masa yankan kek ɗina ya ɗanɗana, na kuma gaya masa dabarar daskarewar. Ya daɗe yana taunawa.

"Ya binti, kin ce za ta yi wata biyu ba ta canza ba?"

"Har uku, Ammi. Zaƙinta ma ƙaruwa yake yi."

"To ji nan. In kika iya kawo mini ayaba kullum daga ɗaya ga wata har Sallah, ba fashi, ki kuma riƙa gasa mini wannan abin, ina da gurbin mutum ɗaya a shagon nan. Zama ne a bakin kanta, awo da miƙa wa mutane. Mijinki ya zo, in ɗauke shi a kafalata."

Ban san yadda na iso gida ba ranar. Maigida yana kwance a tabarma na gaya masa. Ya juya fuskarsa bango, na ga kafaɗarsa tana rawa.

Saura firiza. A duk layinmu mutum ɗaya ke da ita, ƙawata Sa'adiyya. Hausawan Sudan ne, daga Mai Wurno suka zo. Mijinta direba ne a wani kamfanin kayan sanyi, a can ya samo tsohuwar firiza irin mai kama da akwati, wadda mutum zai iya kwanciya a ciki. Gidansu na bulo ne, da wuta. Ni da Sa'adiyya ba ƙawancen gaisuwa muke yi ba. Ita ta riƙe ni ranar da na haifi Zainab. Da zazzaɓi ya kwantar da ita bayan ta haifi ɗanta Usman, nononta ya ƙafe, ni na shayar da shi wata biyu tare da Hafsa. Abin da ban gaya wa uwata ba nakan gaya wa Sa'adiyya.

Da na kai mata maganar, ko barina in ƙarasa ba ta yi ba.

"Haba Rakiya, sai kin tambaya? Firizar nan taki ce. Kifin da ke ciki ma yau zan kwashe. Yalla, yaushe za mu fara?"

Muka fara a farkon Sha'aban, ran da aka sauke wani jirgi daga Somaliya. Da an sallame sallar asuba sai in ɗauki kwando in nufi Halaƙa. Na shirya da masu rumfa uku: in share musu wuri, in kwashe abin da suka ware. Sawu uku, wata rana huɗu, kwando a ka, ruwan ayaba yana tsiyayo mini ta wuya yana shiga cikin riga, zuma da ƙudaje suna rakiya. Kafin hantsi na jiƙe sharkaf kamar wadda aka tsamo daga teku.

A tsakar gidan Sa'adiyya muke zubewa, ƙarƙashin wata rumfar buhu. Mu shimfiɗa tabarma, mu sa manyan kwanuka uku a tsakiya. Aikin yana da ƙa'ida. Dole a ɓare kafin a daskarar, domin in bawo ya ƙanƙare a jikinta ko da wuƙa sai an sha wuya. Wadda ta yi tsami ko ta fara kumfa, shara. Wadda ta yi laushi amma cikinta fari ne, a bar ta ɗungum saboda ma'asub. Wadda ta yi luguf a dame ta da ludayi saboda kek. Kowacce a matsa mata lemon tsami don kada ta yi duhu. Sai a ɗura a leda, awon yini guda, a danne iska ta fita, a baje ta ta yi faɗi don ta yi saurin kamawa kuma ta yi daɗin jerawa. Bakin ledar nake ɗaurewa da tsumman wani tsohon zanena mai shuɗin baba da na yayyaga, saboda zare yana tsinkewa in ya sha sanyi.

Hannuwanmu suka yi baƙi, faratanmu suka rine. Muna yi muna hira. Sa'adiyya mace ce mai ban dariya, ta iya kwaikwayon muryar kowa a layin. Ta kwaikwayi mai ruwa, ta kwaikwayi limamin unguwa in yana tari a tsakiyar ƙira'a, in yi ta dariya har in riƙe ciki. Wani lokaci kuma ta bar wasa, ta kawo zancen ƙaninta Ɗahiru da ya zo Umra tun bara ya ƙi komawa, yana ɓoye a ɗakin bayansu ba takarda. Uwarsu tana aiko da wasiƙa daga Mai Wurno kan ta nema masa madafa. Nakan ce mata Allah zai kawo mafita, ita ma ta ce mini haka.

A irin zaman nan ne na gaya mata abin da ke cina. Na ce bayan maigida bai warke yadda yake nunawa ba. In mutane suna nan yakan miƙe ya yi tafiya garau, suna fita ya zube. Wata safiyar sai na ɗaga shi kafin ya iya alwala.

"Kada ki bari kowa ya ji," na ce. "In Ammi Salih ya ji zai fasa. Aikin zama ne, zai iya. Lokaci kawai yake buƙata."

Ta dafa ƙirjinta. "Ni? Wallahi ko mijina ba zai ji ba."

Kafin ashirin ga Sha'aban firiza ta cika maƙil, sai mun hau murfin mun danna kafin ya rufu. Nakan buɗe ta haka kawai in tsaya, hayaƙin sanyi yana bugun fuskata, ina kallon ledojin nan a jere kamar tubali, kowacce da shuɗin ƙullinta. Tun da nake ban taɓa mallakar wani abu mai yawa haka ba.

Ana saura kwana biyu a ga wata na tafi ɗaukar leda biyu in kai wa Ammi Salih gwaji. Sa'adiyya ta tare ni a bakin ƙofa, idonta jawur.

"Rakiya, na shiga uku. Ban san da bakin da zan gaya miki ba."

Ta ja hannuna zuwa ɗakin. Firiza a buɗe, wayarta a zare, cikinta wayam, an wanke tas sai ƙamshin sabulu. Ta ce injin ne ya ƙone. Sun je Makka kwana biyu gaida dangin mijinta, suka dawo suka tarar komai ya narke ya zama ruwa, wari har waje. Ta ce don kada in gani zuciyata ta buga, mijinta ya kwashe a mota ya kai juji.

Na zauna a ƙasa. Na tuna na lura babu ƙuda ko ɗaya a ɗakin, babu ko ɓurɓushin wari, amma sai na ce a raina Sa'adiyya ce, akwai tsabta. Ta durƙusa tana kuka tana cewa ta cuce ni. Ni ce na rungume ta. Ni ce na riƙa share mata hawaye da gefen mayafina ina cewa, "Ma'alesh, ba laifinki ba ne, ke ma firizarki kika rasa. Haka Allah ya so." Har yau in na tuna wannan rungumar sai in ji haushin kaina.

Na ce bari in je in gaya wa Ammi Salih. Ta ce a'a, kada in wahalar da kaina a ranar nan, ga kunya. Mijinta ta nan yake wucewa kullum, zai tsaya ya yi masa bayani. Na yi mata godiya.

Na koma Halaƙa washegari, ko zan sami abin farawa. Babu ayaba ko ta magani. Jirgin da ake jira bai samu shiga ba.

Haka azumi ya kama mu. Matar likita ta tafi ƙasarsu hutun zafi, aikin wankin ya tsaya. Sahur ɗinmu ragowar tamis ne da ya bushe, mu jiƙa a ruwan shayi. Da rana ta fito sai gari ya tsaya cik, ba iska, sama ta yi fari fat kamar faranti. Gumi ba ya bushewa a Jidda, yana nan a jikinka yana ƙaiƙayi. Nakan jiƙa zani in lulluɓa wa maigida, kafin in juya ya ɗumame. Wajen azahar harshe ya yi kauri a baki, leɓe ya tsage, kunne ya riƙa yin ƙara. Yara ba sa azumi amma kusan tare muke yi, don abin da ake dafawa sau ɗaya ne. Da la'asar in hura gawayi in dama shurba, wato romo na alkama, ruwa-ruwa, da albasa guda da ɗan tumatir. In aka buga igwar shan ruwa mu sha ruwan randa, mu ci dabinon da maƙwabcinmu yake kawo mana daga masallaci. Ina kallon maigida yana tura rabonsa gaban Hafsa yana cewa shi ya ƙoshi, zafi ya hana shi ci.

Duk bayan kwana biyu Sa'adiyya takan aiko da kwanon shurba mai nama, wata rana da sambusa. Ita ba ta zo ba, aka ce azumi yana ba ta wuya. In kwanon ya iso sai in ɗaga hannu in yi mata addu'a, in sa yara su ce amin.

Ranar sha biyu ga wata maigida ya ce, "Uwar Zainab, ki daure ki je wurin dattijon nan da kanki. Ko ba ayaba, ki roƙe shi. Wataƙila ya tausaya. Saƙon baki ba kamar ganin ido ba ne."

Na fita bayan azahar, a ƙasa, don babu na tasi. Kwalta tana kama takalmi. Ina karyo kwanar shagon na ga layi har titi, na ji ƙamshi. Na tsaya. Hel da kanumfari ne, da ayaba gasasshiya. Na kutsa ta gefen mutane. A bakin kanta, a kan kujera, saye da sabuwar riga fara, Ɗahiru ne ƙanin Sa'adiyya yake awo yana miƙawa. A bayansa akwai wani babban baho, ledoji huɗu suna narkewa a ciki, raɓa tana tsattsafo musu. Kowacce da ƙullin shuɗin zanena.

Ɗahiru ya gan ni, ya sunkuyar da kai yana ta gyara ma'auni. Ammi Salih ya fito daga wajen tanda yana goge hannu.

"Ahlan, ya binti! Ya jikin mijin naki? Allah ya ba shi lafiya. Wallahi na ji ba daɗi."

"Ammi, ayabar nan daga ina?"

Ya dube ni da mamaki. "Daga wurinku mana. 'Yar'uwarki ta zo ita da mijinta kafin azumi. Ta ce mijinki ba ya iya tashi, ko alwala sai kin ɗaga shi, kin ce a ba ƙaninku gurbin don kada ya fita daga gida. Ayabar tana ɗakin sanyi a wurin aikin mijinta, kullum da safe yana sauke mini. Kek ɗin ma ita take gasowa. Ba haka kuka yi ba?"

Na gaya masa yadda aka yi. Ina magana bakina a bushe, ko yawun haɗiya babu. Dattijon ya cire hularsa ya mayar. Ya kalli Ɗahiru, ya kalle ni, ya yi salati.

"Ya binti, takardun yaron sun shiga tun makon jiya, da sunana a kai. Gurbi ɗaya gare ni. In na ce zan janye yanzu, ni zan shiga matsala. Halas, alƙalami ya bushe." Sai ya ƙara da cewa, "Amma gaya mini tsakaninki da Allah, maganar bayan mijinki ƙarya ce?"

Ina azumi. Na ce ba ƙarya ba ce.

Ya naɗe tamis huɗu da yankan kek a takarda ya miƙo mini. Na karɓi tamis ɗin saboda yara, na ajiye masa kek ɗin a kan kanta.

Ban biya gida ba. Na tarar da Sa'adiyya a tsakar gida ƙarƙashin rumfar buhun nan tana tankaɗe fulawa. Daga ɗaki ina jin gurnanin firiza tana aiki lafiya lau. Tana ganin fuskata ta ajiye rariya. Ba ta yi kuka ba wannan karon.

"Kin je," ta ce.

"Na je."

"Zauna, Rakiya."

"Ba zama ya kawo ni ba. Abu ɗaya nake so in ji. Ranar da muke ɓare ayabar nan muna dariya, kin riga kin shirya, ko daga baya ne?"

Ta kalli hannuwanta. "Daga baya ne. Wasiƙar Inna ta zo, ta ce in aka kamo Ɗahiru ba ta yafe mini ba. Mijina ya ce ga dama a cikin gidanmu, a firizarmu, da wutarmu. Ya ce mijinki ko an ba shi aikin ba zai riƙe ba, gurbin ya tashi a banza, kowa ya rasa. Na yi kwana uku ban runtsa ba, wallahi."

"Da kin roƙe ni."

"Da kin ba ni?"

Ban amsa ba, don ta san amsar.

"To kin gani," ta ce a hankali. "Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Naka sai naka, Rakiya."

"Daɗin zama sai bare, ko? Ƙarasa mana. Usman da ke barci a ɗakin can, nonon wa ya sha? Na bare?"

Nan ta rufe fuska da hannu biyu, fulawa ta shafe mata goshi. Ta ce za ta riƙa ba ni rabin abin da ake samu. Ta ce mijinta zai nema wa Abu Zainab wani wurin. Na juya na fita. Ana buga igwa ina tsakiyar lungu, ban ma san a ina zan sha ruwa ba, wata tsohuwa Bajawiya, 'yar asalin tsibirin Jawa, da ke zaune a ƙofar gidanta ta miƙo mini moɗa.

Da na gaya wa maigida, ya daɗe yana kallon rufi. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Maganar bayana, a ina ta ji?" Na ce a bakina. Bai yi mini faɗa ba, bai sake tayar da zancen ba har muka rabu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari kwanon shurba ya sake zuwa. Na mayar da shi a rufe yadda ya zo. Hafsa ta bi shi da kallo har aka fita da shi, ta yi kuka, na ba ta tamis da ruwan sukari.

Sauran azumin ban iya tuna shi daki-daki ba. Na san na yi wankau a gidaje uku a Balad, hannuna ya tsattsage da sabulu. Na san ranar Sallah yarana tsofaffin kaya suka sa, na wanke na goge musu da dutsen guga na gawayi har suka yi ƙyalli. Wurin da mijin Sa'adiyya ya ce zai nema, ba mu sake jin labarinsa ba. Maigida ya je wurin mutum huɗu neman kafala, kowa ya dubi tafiyarsa ya ce sai wani jiƙon. Iƙama ta ƙare a watan Shawwal.

Bayan Hajji aka fara kamen marasa takarda, kamar kowace shekara. Na roƙe shi ya zauna a ɗaki. Ya ce namiji ba zai zauna mace tana ciyar da shi har abada ba. Wata safiya ya fita wajen kasuwa ko zai sami gadin rumfa, bai dawo ba, kamen ya rutsa da shi. Sau ɗaya na samu ganinsa kafin a mayar da su ƙasarsu, ta bayan waya, mutane suna ta ihu kowa yana kiran nasa. Ya rame, yana dafe da ƙugu. Ya ce in kula da yara, in ya sami lafiya zai dawo ko ya aiko mu taho. Damina biyu ya yi a Haɗejiya. Wani alhaji ɗan garinsu ne ya nemo gidanmu ya kawo mini labarin rasuwarsa, wata biyar bayan an binne shi.

Ba zan ce Sa'adiyya ce ta kashe shi ba. Ajali ba ya hannun kowa. Amma na san kujerar da ya kamata ya zauna a kai, na kuma ga wanda ya zauna.

Da matar likita ta dawo ta ji labari, sai ta ba ni rabin firizarta in riƙa ajiya. Da haka na fara gasa kek ina kai wa shaguna a Sharafiyya, da shi na rayar da Zainab da Hafsa har na aurar da su. Su Sa'adiyya suka tashi daga Sa'alaba bayan shekara biyu. In mun haɗu a biki ko makoki, sallama ce kawai. Usman dai bai daina zuwa ba. Ya girma yana ce mini Umma, duk Sallah sai ya zo gaishe ni da 'yan'uwansa na nono. Ban taɓa gaya masa komai ba, kuma na gane ita ma ba ta gaya masa ba.

An yi shekara ashirin da wani abu, wata ranar Juma'a bayan la'asar ya zo da mota. Ya ce jikin mahaifiyarsa ya yi tsanani, sunana take ta kira. Na so in ce ƙafata tana ciwo. Na dubi fuskarsa, na ɗauki abayata.

Na same ta a gado ta ƙanƙance, in ba idon ba da ban gane ta ba. Ta sa kowa ya fita sai Usman da ya tsaya a bakin ƙofa. Ta kamo yatsuna, hannunta ba nauyi kamar busasshen kara.

"Rakiya, ki yafe mini."

Na yi ta juya maganar a hanya, na ɗauka in na gan ta a haka zuciyata za ta sake gaba ɗaya. Na duba ciki, na faɗi iyakar abin da na tarar.

"Na yafe miki ayabar. Da wahalar da na sha a kanta, da ƙaryar firiza, duk na yafe."

Ta jira. Da ta ga na yi shiru sai ta ce, "Sauran fa?"

"Sauran ba nawa ba ne, Sa'adiyya. Mai shi yana kwance a Haɗejiya. Ni ba ni da ikon yafe hakkin wani."

Ta lumshe ido, hawaye ya gangaro ta gefe ya shiga kunnenta. Ba ta saki hannuna ba, ni ma ban janye ba. Na karanta mata abin da ya sawwaƙa, na gyara mata matashi, na zauna har aka kira magariba.

A hanyar komawa Usman yana tuƙi yana satar kallona ta madubi. Sai da muka kusa gida ya ce, "Umma, wace ayaba ce kuke magana?"

Na ce masa tsohon zance ne na mata, ya kula da titi.